Idan an kawo maka "kwalbar Rumawa": yadda za ka duba ta kafin ka sa hannu a aljihu

Turare nake sayarwa a Kasuwar Dole ta Damagaram, saboda haka kwalba ba baƙuwata ba ce. Tun hantsi har la'asar sakaliya ita ce a hannuna. Kafin in zauna a rumfa na yi zaman Libiya, inda na zama yaron shagon wani dattijo mai gyaran kayan tarihi. Ni ke riƙe masa fitila yana haɗa fasassun kwalabe, kuma da yake mutum ne mai son hira, abin da kunnena ya kwasa a wurinsa shi ya sa ni neman ƙarin karatu daga baya. Tun da labarin ya bazu a Zango, duk wanda ya dawo daga arewa da wata ƴar kwalba a naɗe cikin safa sai ya biyo ta rumfata: "Alhaji, don Allah duba mini wannan, an ce tun zamanin Rumawa take." Mafi yawansu ba na Rumawa ba ne. Kuma abin da ke jan mutane su saya, wato ƙyallin nan mai launin bakan gizo, shi ne shaidar da ta fi kowace rauni.

Fara da sanin abin da aka yi mata tana da zafi

Gilashin Rumawa yashi ne da kanwa. Kanwa dai dangin wadda ake kawo mana daga Manga, sai dai tasu daga Wadi Natrun take fitowa, tsakanin Alƙahira da Iskandariya. Yashin da suka fi yabawa na bakin tekun Sham ne, kusa da Akka, domin yana da garin bawon dodon koɗi a ciki, kuma farar ƙasar da ke cikin bawon ita ke hana gilashi lalacewa a ruwa. A ƙiyasi, kashi 70 cikin 100 yashi ne, kanwa tsakanin 15 da 20, saura farar ƙasa da ƴan tarkace. Ana narka su a manyan tanderu da zafin da ya kai digiri 1100. A Bet She'arim, kusa da Haifa, har yau akwai wani dunƙulen gilashi ɗaya mai nauyin kusan tan 9, yana nan kwance inda aka narka shi. Irin wannan ake farfasawa, a loda a jirgin ruwa, a kai Italiya da Faransa da Jamus ta yanzu, ƙananan maƙera su sake narkawa su yi kwalabe. Mai dafa gilashi daban, mai hura shi daban.

Hurawar kuwa an gano ta ne a ƙasar Sham wajen tsakiyar ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Tsofaffin gutsattsarin wannan aiki an tono su a tsohon birnin Ƙudus. Kafin nan kwalba ɗaya tana cin dogon lokaci, sai masu hali ke mallakarta. Da aka iya hurawa sai farashi ya karye. Strabo, marubucin Girka wanda ya yi zamani da sarki Agusta, ya rubuta cewa a Rum ana sayen kofin gilashi da kwabon tagulla ɗaya. A dokar ƙayyade farashi ta sarki Diocletian ta shekarar 301, nauyin laba ɗaya ta Rumawa, wajen giram 327, na kwalaben gilashin Yahudiya dinari 20 ne, na Iskandariya 30, alhali ɗan ƙwadagon gona yana karɓar dinari 25 a yini. Ka riƙe wannan a ranka: ƴar kwalbar turare ko ta mai ko ta kwalli kayan talaka ce, an yi ta ba adadi, gidajen tarihi na duniya suna da dubbanta a ɗakin ajiya. Wanda ya ce maka ƴar kwalba ɗaya za ta saya maka gida a Birni, ko bai sani ba, ko ya sani yana so kai ne kada ka sani.

Aikin kansa ga yadda yake. Mai hurawa zai ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, ya mirgina shi a kan dutse mai santsi, ya hura yana juyawa, ya yi lilo da shi don ya yi tsawo, ya matse wuya da awartaki. Daga nan ko dai ya ɓalle kwalbar daga bututun ya bar bakin haka, ko ya manna wani sandan ƙarfe a gindinta, ya riƙe ta da shi, ya mayar da bakin wuta ya lanƙwasa. Sai a sa ta wurin ɗumi ta huce a hankali, in ba haka ba ta tsage. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana barin tabo, kuma tabban nan za ka bi.

Shimfiɗa

Kada ka duba a tsaye. Ka ninka bargo a kan tabarma ka zauna ƙasa, ka cire zobe da agogo, ka ajiye carbi. Ɗauka da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Ba a kama ta ta wuya ko ta mariƙi, nan ne aka fi yin gyara, nan ne kuma take rabuwa. Kayan aiki uku sun isa: tocilar waya, madubin nan na ƙara girma da masu gyaran salula ke amfani da shi, da ƴar tocila mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi. Kuma don Allah kada ka ƙwanƙwasa ta da farce wai kana jin amo. Ba tukunya kake saye ba.

Abu na farko da hannunka zai gaya maka shi ne nauyi. Ƙaramar kwalbar da aka hura ta fi yadda ido ke zato sauƙi, bangonta wani lokaci bai kai milimita ɗaya ba. Amma akwai manyan kwalabensu masu kusurwa huɗu da faffaɗan mariƙi, na ɗaukar mai da giya, waɗannan masu kauri ne.

Baki, jiki, gindi

Ni daga baki nake farawa, don nan ne ake saurin kama ƙarya. In ka ga zaren murɗa marfi, magana ta ƙare, miƙa wa mai ita abinsa. In babu, duba da madubi. Bakin ƴar kwalbar Rumawa sau da yawa a naɗe yake: an buɗa shi waje sannan aka lanƙwaso shi ciki, har za ka ga siririn rami yana zagaye a cikin leɓen, kuma naɗin bai cika daidaita ba, wani gefe ya fi wani faɗi. Wasu an dai lasa musu wuta ne bakin ya yi sumul. Kofuna da yawa kuma an ɓalle su ne kawai aka ɗan goge, bakin yana da kaifi-kaifi.

Sai layin haɗi. Bi gefen kwalbar da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Injin yin kwalba na Owens ya fito a 1903, kuma kwalbar inji layinta siriri ne, miƙaƙƙe, yana hawa har saman leɓe. Rumawa ma suna hura gilashi a cikin mazubi, don haka za ka iya samun layi a tasu, amma mai kauri ne, kuma yana ɓacewa kafin baki, domin bakin da hannu ake gama shi. Gwanin wannan aiki shi ne Ennion, wanda ake dangantawa da birnin Saida na Lebanon ta yanzu, ya yi aiki a farkon rabin ƙarni na 1 miladiyya, yana sa sunansa da haruffan Girka a jikin kofunansa. In wani ya fito maka da kofi mai sunan Ennion daga aljihun jaka a tasha, ka yi masa fatan alheri ka wuce.

Yanzu haska tocila ta bayan kwalbar. Za ka ga ƙwayoyin iska a cikin gilashin: a ciki masu ɗan zagaye, a wuya kuma dogaye, sun miƙe sun bi inda aka ja gilashin. Za ka ga wasu siraran layuka suna murɗawa, alamar juyin bututu. Gindi ya fi kafaɗa kauri. In ka tsayar da ita sau da yawa za ta ɗan karkata. Launin da aka fi samu shi ne shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, wanda ƙarfen cikin yashi ke jawowa. Akwai kuma fari tas, da shuɗi mai duhu, da ruwan zuma, da ruwan makuba.

Juya gindi. Inda aka manna sandan ƙarfen nan yakan bar tabo, ɗan zobe ko ɗan gurbi mai kaushi a tsakiya. Rashinsa ba laifi ba ne, ƙananan kwalabe na farkon zamani da yawa ba su da shi. Abin da na fi kula da shi a gindi shi ne ƙarzuwa. Kwalbar da aka yi amfani da ita, ƙarzuwarta tana inda take taɓa ƙasa ne kawai, kuma ta watsu ko'ina ba tsari. Wadda aka goga wa takardar yashi, layukan a jere suke, duk sun nufi gefe ɗaya, har a cikin loko inda ba abin da zai taɓa.

To amma a nan sai ka yi hattara. Duk abin da na lissafa, iska da karkata da tabon gindi, shaida ce kawai cewa hannu ya yi kwalbar. Ba shaidar tsufa ba ce. Har gobe ana hura gilashi da baki a Khalil ta Falasɗinu da Alƙahira da Herat ta Afganistan, kuma wasunsu siffar kwalaben dā suke yi wa ƴan yawon buɗe ido, da gaskiyarsu. Wani ne a hanya yake tsufar da su.

Maganar ƙyalli

Rumawa ba su yi kwalabensu da launin bakan gizo ba. Ranar da aka hura su garau suke. Ƙyallin ciwo ne da ƙasa ta sa musu: danshi yana tsotse kanwar da ke fatar gilashin shekara da shekaru, ya bar yashin a jere, fata a kan fata, sirara ƙwarai, da iska a tsakaninsu. Haske in ya shiga tsakanin fatun sai ya rarrabu ya fito launi-launi. Da madubi za ka gan su kamar ɓawon busasshiyar albasar Galmi, wani ya ɗago, wani ya faɗi ya bar gurbi mai matakala, kuma a ƙarƙashinsa gilashin ya yi ƙananan ramuka. Na gaske yana cikin jikin gilashin, yana ciki da waje, har cikin wuya inda yatsa ba ya kaiwa, kuma bai rufe ko'ina daidai ba, domin gefen da ya kwanta a ƙasa dabam yake da wanda ya kalli sama.

Na jabu iri uku na fi gani. Akwai wanda aka jiƙa a wani sinadari mai cin gilashi: fatar ta yi hazo bai ɗaya, ba fatu, ba matakala. Akwai wanda aka fesa wa sinadari tun yana da zafi, ƙyallinsa sumul, yana sheƙi ko'ina daidai wa daida, ba ya ɓarewa. Na ukun ya fi wayo: a samo ɓawon gaske daga fasassun gilasan dā, a shafa gam a sabuwar kwalba, a barbaɗa, a bi da laka. An taɓa kawo mini irin wannan, wani matashi da ya yi aikin gini a Sabha. Na sa madubi, sai ga gutsattsarin a zaune a saman gilashin, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, gilashin da ke tsakaninsu kuma lafiya lau, ba rami ko ɗaya. A gefen wuya har da sawun gashin burushi a cikin gam. Na ce, "Ɗana, nawa ka ba da?" Ya faɗa. Na ce ya ajiye ta a kan kabad ta yi masa ado, ya daina kai ta wurin kowa.

Sannan rashin ƙyalli ba ya kore tsufa. Kwalbar da ta kwanta a busasshen kabari tana iya fitowa kusan garau. Kwalbar shekara ɗari kuma da ta kwana a juji mai danshi tana iya yin ƙyalli na gaske.

Wadda aka haɗa daga gawa uku

Wannan ita ta fi wahalar kamawa, don kowane ɓangare nata tsoho ne. Wuyan wata, cikin wata, gindin wata, an haɗa da gam, an toshe giɓi da roba, an lulluɓe mahaɗar da ƙasa. Duk inda ka ga ƙasa ta taru ta yi ɗamara a kafaɗa ko a gindin wuya, zargi wurin. Shiga ɗaki mai duhu ka haska tocilar duba kuɗi: gam da roba sukan yi wani haske fari-fari ko rawaya-rawaya wanda gilashin ba ya yi. Sannan duba ƙwayoyin iskan nan, ko sun ci gaba daga ciki zuwa wuya, ko sun yanke a mahaɗa, launi ya sauya. Shinshina ma. Hancin mai turare ba ya ɓata warin gam, naka ma zai ji in sabo ne.

Kwalaben Nasara

Mu a Damagaram akwai wani abin da ya fi rikita mu. Faransawa sun shigo a 1899, kuma nan ne babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, sun bar kwalaben magani da na turare da na giya a juji da bayan gari. Yashi da iska sun ci fatarsu ta yi hazo, wasu fararen kuma rana ta mayar da su ruwan makuba saboda sinadarin manganis da ke cikinsu. Da yawansu da baki aka hura su cikin mazubi, don haka layinsu ma yana tsayawa ƙasa da leɓe. Za ka gane su da kauri, da daidaito, da haruffan boko ko lambobi a jiki ko a gindi, da leɓen da aka gyara don toshiya. Su ma tarihi ne, tarihin garinmu ma kuwa, amma ba na Rumawa ba.

Haka kuma gilashin farkon zamanin Musulunci yana kama da na Rumawa ƙwarai, don sana'ar ba ta yanke ba. Wajen ƙarni na 9 ne maƙeran Sham da Masar suka bar kanwa suka koma tokar tsirrai. Wannan bambanci ido ba ya yanke shi, sai ɗakin gwaji.

Tambayi daga ina

Rumawa ba su zauna a ƙasarmu ba. Garuruwansu suna bakin teku, irin su Libda da Sabrata a Libiya. Kayansu sun gangaro Fazzan a kudancin Libiya, an sami gilashinsu a kaburburan Garamantawa, mutanen dā na yankin, a Jarma kusa da Ubari, an kuma samu a kabarin Tin Hinan, wadda Buzaye ke ɗauka kakarsu, a Abalessa, yamma da Tamanrasset ta Aljeriya, wanda aka buɗe a 1925. Daga nan zuwa kudu abin da ya fi ƙetare Sahara duwatsun wuya ne, ba kwalba mai bango kamar takarda ba. Saboda haka labarin "a gona aka tono ta wajen Mirriya" ba ya shiga kunnena.

In kuwa duk alamun sun nuna ta gaske ce, to ka san abin da ke hannunka. Kwalba siririya da wuya ta kai shekara dubu biyu ba tare da ta fashe ba sai in a kabari ta kwanta. Wani ya tone kabarin, ya fitar da ita daga ƙasar da dokarta ta hana. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana irin wannan ciniki, mu ma muna da dokar kare kayan tarihi ta 1997, kuma mun ga abin da masu tono suka yi wa tukwanen dā na kaburburan Bura a yammacin ƙasar nan. Ni ba na saye, ba na kuma yin dillanci. Shawarata ita ce ka ɗauki hotonta ta gefe, ta baki, ta gindi, da rula a kusa, ka rubuta duk abin da aka gaya maka game da inda ta fito, ka nuna wa malaman tarihi na Jami'ar André Salifou, ko gidan tarihi na Boubou Hama da cibiyar binciken tarihi da al'adu ta IRSH a Yamai.

Kafin ta isa hannunsu

Kada ka wanke. Wannan shi ne ɓarnar da aka fi yi. Uwargida ta ga ƙasa, ta sa omo da soso, ƙyallin shekaru dubu biyu ya bi ruwa. Kada ka shafa mai don ta yi sheƙi, kada ka zuba turare a ciki, domin yana shiga ƙarƙashin fatun ya ɗaga su. Ƙasar cikinta ma bar ta. Daga irin wannan saura ake gane abin da aka zuba. A Speyer ta Jamus akwai kwalbar da aka tono a 1867, ta ƙarni na 4, har yau da ruwan inabinta a ciki don ba wanda ya buɗe.

In ta fashe, tattara gutsattsarin kowanne a takardarsa, kada ka kusance ta da gam mai kamawa nan take. Masu gyara suna da nasu, Paraloid B-72, wanda ake iya warwarewa. Kada ka naɗe ta da auduga, zaren yana kama ɓawon ya fizge. Farar takarda mai laushi ta fi, a yi mata gurbi a cikin ƙaramin kwali ta kwanta ba ta motsi. Yanayinmu ma abokin gaba ne: gilashin dā yana son danshi matsakaici, wajen kashi 40 zuwa 45, wanda ba ya hawa da sauka, mu kuwa hunturu ya busar, damina ta jiƙa. Ajiye kwalin a cikin akwati a ɗakin ƙasa na tsakiyar gida, nesa da randa, nesa da taga, ba ƙarƙashin kwano ba.

In tafiya Yamai ta kama, sa ƙaramin kwalin cikin babba, ka cika tsakaninsu da tsumma ko dunƙulallen takarda. Kada ka bari yaran mota su jefa shi cikin kaya. Hanyar ta kusa kilomita 900, ka riƙe shi a cinya, kuma takardar da ka rubuta bayanin ta kasance a cikin kwalin, ba a aljihunka ba.